Kofin Teloli

"A hankali, 'yan banza! Gawa kuka ɗauko?" in ji Ustaz Barkat daga kan kujerar da samari huɗu ke saukowa da shi a matakalar benenmu.

'Yarsa Shagufta na biye da su rungume da tulun iskar numfashi, tana kuka tana faɗa. "Baji Rukhsana, ki yi masa magana mana! Likita ya ce kwanaki suka rage masa," ta ce da ni, don Baji, wato yaya, take kirana.

"To ai shi ya sa," na ce. Shekara talatin ƙofata na kallon tasa a nan Sharjah, ban taɓa ganin wanda ya tanƙwara tsohon telan nan ba. Na sungumi tukunyar shinkafar biryani na bi su cikin a-kori-kura, muka nufi filin wasa.

Shi da abokansa uku suka kafa Kofin Juma'a, tun filin yana rairayi zalla. Doguwar tabarma suke shimfiɗawa su kafe da ƙusoshi, a buga kurket a kai, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda. Ƙungiya huɗu ce lokacin: Teloli, Direbobi, Masu Burodi da 'yan kasuwar zinare. Juma'a kaɗai ake hutu, dole wasa ya ƙare a yini ɗaya. Kowane ɓangare zagaye arba'in, kowane zagaye jifa shida. Ɗaya ya buga kafin sallah, ɗayan bayan an ci abinci. Yanzu ƙungiyoyi sha shida ne a rukuni huɗu, daga nan duk wanda aka doke sai gida. Kowa ya ɗaga kofin nan, har masu gyaran firji da suka shigo jiya-jiya. Teloli kuwa, shekara arba'in da biyu ko ƙamshinsa ba su ji ba. Ranar ga su a wasan ƙarshe da Direbobi.

Bayan la'asar lissafi ya tsaya haka: Teloli na neman maki sha ɗaya, saura zagaye guda, kuma Imtiyaz mai guga ne riƙe da sanda, wanda ko ƙuda ba ya iya bugewa. Kyaftin ɗin Direbobi, Gulzar, ya karɓi ƙwallo. Ƙato ne, jifansa har fito yake yi.

Sai ga ƙwallo ta taho lakakai-lakakai. Imtiyaz ya maka ta har bakin fili, maki huɗu. Ta biyu ma haka. Teloli suka ɓarke da ihu, ni ma na rangaɗa guɗa. Ustaz kuwa fizge robar hancinsa ya yi.

"Gulzar! Zo nan."

Ya zo ya durƙusa. "Na'am, Ustaz."

"Hannunka ya karye ne?"

"Rana ce, Ustaz. Na gaji."

"Ƙarya kake! Ni na ɗinka wa ubanka rigar angonci, na san irin ƙaryar gidanku. Sadaka za ka ba ni? Duk jiran nan da na yi, in shiga kabari da kofin tausayi? Wallahi ka sake irin wannan jifan, tashi zan yi in bar filin."

"Da wace ƙafar?" na ce.

"Ke kuma Rukhsana, biryaninki ya yi gishiri."

Gulzar ya goge ido da hannun riga, ya koma can nesa ya sheƙo da gudu. Jifa uku a jere, Imtiyaz ko ganinsu bai yi ba. Saura ɗaya, ana neman maki uku. Gaskiya a zuciyata sai da na zagi taurin kan tsohon nan, don na san ba zai ga wata shekarar ba. Shagufta ta ƙanƙame hannuna har ya yi tsami.

Gulzar ya saki ta ƙarshe da iya ƙarfinsa. Imtiyaz ya runtse ido ya kai sanda kawai. Ƙwallo ta goge gefen sandar, ta sulale ta tsakanin ƙafafun mai kamawa a baya, ta yi ta gangarawa har ta haye igiyar bakin fili, maki huɗu.

Kai, ranar na ga tsofaffin teloli suna birgima a rairayi! Ustaz ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tunda nake ban taɓa ganin mummunan bugu irin wannan ba," ya ce. "Ku miƙo mini kofina."

Gulzar ne ya goya shi ya hau da shi bene, Ustaz na zungurinsa da gindin kofin wai ya yi sauri. Asabar gidan ya cika maƙil, Masu Burodi suka aiko da alewar jalebi tire uku, Ustaz ya lasa ɗaya ya ce ba su iya ba.

Lahadi da safe na kai masa shayi, na tarar da Shagufta tsaye a ƙofa, tana ganina ta faɗa jikina da kuka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye shayin a ƙasa na shiga.

Yana kishingiɗe, tabarau a kan hanci, fuskarsa a sake. Kofin na kan cinyarsa, ya zagaye cikinsa da tef ɗin awo, babban yatsansa danne a kan lamba. Ashe riga zai ɗinka masa.