Awa Biyu a Wurin Fakin

Tun da babban kantin unguwarmu a Ɗa'if ya kafa ƙofa mai na'ura a wurin fakin motoci, awa biyu kawai ake ba kowace mota, har da wuraren naƙasassu. Wanda ya wuce, tara ta hau kansa.

Abu Nayif, tsohon malamin makaranta da hatsari ya kashe wa ƙafafu, shi yake tuƙa kansa. Sauko da kekensa na guragu daga mota kaɗai aiki ne. Ranar Laraba ya gama sayayya, ya iso layin biya, sai aka kira la'asar. Mai karɓar kuɗi ya rufe injinsa kamar kullum, aka ja ƙofofi, kowa ya nufi masallacin kantin.

Da aka buɗe, mutane suka biya suka fice da sauri. Shi kuwa sai da ya loda kaya, ya ja jikinsa ciki, ya naɗe keken. Da ya isa ƙofar fita, sandar da ke tare motoci ta ƙi ɗagawa.

Mirgani, maigadin, ya leƙo. "Baffa, ka wuce lokaci."

"Salla aka tsaya yi, ɗana. Ba kai ne ka tura ni cikin sahu ba?"

"Wallahi ni ne. Amma na'urar ba ta cire lokacin salla. Kowa ma haka ta ƙirga masa."

"Kowa ya rama da gudu," in ji Abu Nayif. "Ni da me zan rama?"

Mirgani ya dubi sandar. Motar baya ta danna oda.