Tambayoyin Jin Ra'ayi Masu Maki

Shekara ashirin da shida ina koya wa ɗaliban jinya rubuta rahoto. Ranar Litinin Shugabar makaranta ta ce za a sake tsara darussa, don haka kowane malami ya tura wa ɗalibansa tambayoyin jin ra'ayi ta intanet. Darasin da suka ce ba shi da amfani, za a cire shi. Fanka take kallo da ta faɗi haka, amma kowa ya san da wa take.

Tun rasuwar matata, darasin nan kaɗai ke fitar da ni daga gida.

Autata ta zo ranar Asabar, ta buɗe kwamfuta a teburin falo.

"Baba, ba jarrabawa ba ce fa. Tambayarsu za ka yi, ba kama su ba."

"Littafi uku na karanta a kan wannan."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Ta nuna mini yadda ake jera tambaya da amsoshin zaɓi, sai mijinta ya fara danna hon a waje. Ni kaɗai na ƙarasa. Na ga wurin da aka ce a nuna amsar da take daidai. Hannuna bai nemi shawarata ba, ya bi yana zaɓar amsar yabo a matsayin daidai. Tambaya goma, kowace maki ɗaya, na tura.

Kwana uku ina leƙen waya kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. Amsa arba'in da ɗaya ta shigo, daga ɗalibai ashirin da takwas. Kusan duk yabo.

Ranar Laraba wata ɗaliba ta tare ni a matakala.

"Malam, da farko uku na ci. Na sake, yanzu tara. Wanne za a rubuta mini?"

"Me kika zaɓa da farko?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa fom ɗin da muke koyo, asibitoci sun daina amfani da shi."

Ni na rubuta wannan amsar da hannuna, a matsayin tarko.

Ranar Alhamis na zauna a ƙofar ofishin Shugaba, riƙe da takardar da na buga amsoshin yabon a kai. Ta leƙo.

"Malam, ka kawo?"

Na ninke takardar na cusa a aljihu.

"Ranki ya daɗe, jarrabawa na yi wa yaran nan. A ba ni mako guda in sake."

Ta girgiza kai.

"Ka bar shi. Ni zan rubuta tambayoyin, gobe in tura musu."