Faifan Ƙarshe Na Labarin Odalie

A gidanmu akwai dokar da ba a karyawa: littafin sauraro da aka fara a mota ba a ci gaba da shi sai mu ukun muna ciki, ni da ɗana Levi da ƙanwarsa Annika. Levi ne ya kafa ta, don ya tsani a riga shi jin ƙarshen labari. In an gama kuma, kowa sai ya ba littafin taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Wanda muka aro daga laburaren garinmu a farkon hunturu labarin fatalwa ne, irin na 'yan mata masu tasowa. Annika ce ta zaɓa. Wata yarinya ce mai suna Odalie aka tsinci gawarta a tsohuwar masana'antar katako, sai ta riƙa dawowa wurin ƙanwarta tana nuna mata alamu don a gano wanda ya kashe ta. Levi da shekarunsa goma sha bakwai ya ce shi ya wuce wannan shirmen. Amma da mun shiga mota, shi ke riga kowa danna maɓalli.

"Ba kai ka ce shirme ba ne?" in ji Annika.

"Ke tafi can. So nake in ga iya ƙaryar marubuciyar."

"Matsoraci kawai. Jiya da fitila ka kwana."

"Mama, ki ja wa yarinyar nan kunne, ko in sauke ta a titi."

Saura faifai ɗaya mu gama, ƙanƙarar da ta daskare a saman tafkin garinmu ta karye da babur ɗin Levi yana dawowa daga kamun kifi. Ba gudu yake yi ba, ba abin da ya sha. Ƙanƙarar ce ba ta yi kauri ba ta wajen da rafi ke shiga tafkin. Sai gawarsa aka ciro.

Maƙwabta suka yi ta kawo kwanukan abinci har firiji ya ƙi rufuwa. Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Annika kuwa ko a coci ba ta zubar da hawaye ba. Daga "e" sai "a'a", sai ɗaga kafaɗa. Kujerar gaba ma ta ƙi zama, kullum tana baya tana kallon taga. Na binne ɗaya, ga ɗayar tana zame mini ina ji ina gani, kuma tsoron hakan ya fi komai cin raina.

Madam Pederson mai kula da laburare ta yi ta sabunta mana aron ba tare da ta ce uffan ba, har ƙanƙara ta narke. Ranar da ta bugo waya tana ba ni haƙuri, wai wata yarinya ta daɗe tana jiran littafin, saura kaɗan in zage ta, alhali matar nan ba abin da ta taɓa yi mini sai alheri.

Ranar Asabar da rana na tsayar da mota a ƙofar laburaren. Na juya na ce, "Mu ji ƙarshen, ko mu mayar haka?"

"Ai ba mu cika ba," in ji Annika.

"Na sani."

Can sai ta miƙo hannu ta tsakanin kujeru ta danna maɓallin.

Ashe manajan masana'antar ne ya yi kisan. Aka kama shi. Odalie ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya wa ƙanwarta tana son ta, ta daina zargin kanta, ta je ta yi rayuwarta, sannan ta ɓace. Ni dai hawaye har wuyan rigata. Na ce a raina, yawwa, ko wannan zai sanyaya wa 'yata zuciya.

"Ni biyar na ba shi," na ce. "Ke fa?"

"Ɗaya. Shi ma don ba a ba da sifili ne."

"Haba Annika!"

"Ƙarya ce, Mama, tun daga farko har ƙarshe."

"Ai labari ne, 'yar nan."

"Na san labari ne, ni ba jaririya ba ce. Amma duk abin da ƙanwar nan ta yi, na yi. Na bar tagata a buɗe cikin sanyin nan. Na zauna a ɗakinsa na yi tsit. Kullum aka tashi makaranta sai na je bakin tafki na kira sunansa. Ko kofi bai ture ba, Mama. Ko ƙofa bai motsa ba."

Ni da nake ta yi mata faɗa a kan taga.

"Na ɗauka akwai wata dabara a ƙarshe," ta ce. "Shi ya sa na danna. Ashe babu komai. Son ƙanwarta kawai take yi, shi ya sa ta dawo." Ta ɗago ido ta kalle ni ta madubi. "To shi Yaya fa?"

Na ce mata yana son ta fiye da kowa a duniya. Na ce matattu ba sa dawowa, ko wa suka bari. Ta ce, "Na sani," sai ta fashe da irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Na fita na zagaya na shiga baya na rungume ta. Wata da watanni ina roƙon Allah yarinyar nan ta buɗe baki ta yi mini magana. Ga shi ta yi, ni kuma ba ni da amsar da za ta ishe ta.