Ƙyauren Tsohon Gida

Ɗan kamashon ya zagaya jakin, ya ƙwanƙwasa ƙyauren da ke ɗaure a bayansa, ya girgiza kai.

"Baba, wanga gambu ai rabin gida na. In munka aza shi bisa mota, ina za mu aza buhunnan mutane? Sai dai ka biya mai kuɗin kujera, ban da na yarinyar."

Kubura ta sunkuyar da kai. Tun da hantsi suke tashar Talata Mafara ita da mahaifinta Malam Nasidi, ga ranar kasuwa, kowane direba sai hura hanci yake yi. Gobe za a rufe karɓar sababbin ɗalibai a makarantar koyon aikin jinya ta Sakkwato. Abin da ke ƙulle a bakin zanenta kuwa bai wuce kuɗin motar mutum ɗaya da hayar watan farko ba.

Ƙyauren nan ba don kwalliya suka ɗauko shi ba. Da Kubura ta je Sakkwato wancan makon, ta tarar ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika. Ta bi unguwa-unguwa har silifas ɗinta ya tsinke. Inda ɗaki ke da kyau, kuɗin ya fi ƙarfinta. Inda ke da sauƙi, sai a dube ta sama da ƙasa a ce ba a ba budurwa haya. Daga ƙarshe aka haɗa ta da Inna Gimbiya, wata tsohuwa 'yar Bakura mai sayar da ƙosai a bayan asibiti, ta nuna mata ɗakin da take ajiye itace.

"Ɗiyata, ga shi nan, abin da kinka samu ki ba ni. Amma kin gani, ba shi da gambu. Ki zo da naki."

Da ta dawo ta faɗa wa mahaifinta. Yau da asuba sai ta ji yana kiran maƙwabci ya kama masa su aza ƙyauren a jaki. Ita kuwa ta san abin da ƙyauren yake a wurinsa.

Shekarar da ruwan dam na Bakolori ya haɗiye ƙauyensu a ƙasar Maradun, mutane hatsi da tukwane suke ta kwasa. Shi Malam Nasidi ƙyauren zaurensa ya fara ɓallewa, na icen maɗaci, wanda ya sa aka sassaƙa masa shekarar da ya auri Taiba, mahaifiyar Kubura. Aka zube su a kan tudun marmara inda ko gero sai da lallashi yake fitowa. Taiba ba ta ga ƙarshen daminar farko ba, zazzaɓi ya ɗauke ta kafin a sami motar asibiti. Shi kuwa ya jingine ƙyauren a ɗakinsa da kwaɗonsa rataye, ya ƙi kafa shi, ya rufe ƙofarsa da zana. Kowa ya yi magana sai ya ce nan zango suka yada, ruwa zai janye su koma. Duk rani yakan je bakin ruwan ya tsaya yana kallon ƙolin kukar ƙofar gidansu, ya dawo ya ce bana ta fi fitowa. Yara har kwaikwayonsa suke yi.

Ya kuma yi rantsuwa ba shi ba mutanen dam: ba ya shiga motarsu, ba ya amsa gaisuwarsu. Har Maiwada, ɗan amininsa Sambo, wanda ya tashi a zaurensa yana cin tuwon Taiba, tun ranar da ya kama tuƙin babbar motar masu aikin, Malam Nasidi ya daina ganinsa ko da sun yi kiciɓis.

Aka yi azahar, motocin Sakkwato suka yi ta cika suna tashi. Ta ƙarshe ma ta fara lodi.

"Baba," in ji Kubura, "ku koma da shi gida. Ni sai in rataya zane ga ƙohwar."

"Cikin birni? Ɗiya mace? Ban yarda ba."

"To mu koma tare. Baɗi ma shekara ta."

Ya dube ta, irin duban da ya yi mata ranar da aka rufe mahaifiyarta. "Baɗi. Ni ma haka nika cewa kullum."

A tsallaken titi wata babbar mota ta tsaya, bayanta wayam, irin masu zuwa Sakkwato ɗauko siminti. Direban ya sauko yana sayen rake. Kubura ta gane shi, ta yi sauri ta kau da kai don kada mahaifinta ya bi idonta. Ashe ya riga ta gani. Ya daɗe a tsaye yana murza igiyar jakin, sannan ya miƙa mata ita, ya gyara hularsa, ya tsallaka.

Da ma ƙasa ta tsage da ita da ta ga wannan. Dattijo mai furfura, a tsakiyar kasuwa, shi ne ya fara yi wa yaron da ya goya sallama.

"Maiwada, barka da rana. Ina gajiya? Ƙaƙa aiki?"

Raken ya suɓuce daga hannun Maiwada. Ya zube ƙasa ya durƙusa. "Subhanallahi, Baba! Ku aiko mani mana, in zo."

"Ƙaƙa Sambo? Ƙaƙa iyali?"

"Lahiya lau, Baba, lahiya lau."

Sai da Malam Nasidi ya kai gaisuwar ƙarshenta, bai tsallake ko ɗaya ba, kamar mai haɗiyar magani. Sannan ya ce, "Alfarma nika roƙo. Ƙanwarka za ta makarantar jinya, tana da kaya."

Maiwada ya ɗaga kai ya hango jakin. Ya san ƙyauren, ya sha lilo a jikinsa yana ƙarami ana korarsa. Ya tashi ya kwance igiyoyin da kansa, ya shimfiɗa buhunan banza a bayan motar don kada icen ya goge, aka kama aka ɗora.

Kubura ta hau gaba da akwatinta na kwano. Hawaye ya hana ta ganin komai sosai. Mahaifinta ya tsaya a gefe, bai ko taɓa jikin motar ba.

"Ki riƙe salla. Ki yi ma tsohuwar biyayya. In kin iya allura, ki tuna da masu zazzaɓi na ƙauye."

"Baba, da na gama zan maido maku shi. Wallahi zan maido shi."

Ya sa hannu a aljihun ciki ya daɗe yana lalube, ya fito da ɗan makulli ɗaure da zaren da ya yi baƙi don daɗewa. Tunda suka bar ƙauyen, Kubura ba ta taɓa ganin ya rabu da shi ba, har barci da shi yake yi. Ya ɗaga hannu ya miƙa mata ta taga.

"Ki riƙa kullewa."

"Ku fa, Baba?"

"Ni mi nika da shi na kullewa?"

Motar ta tashi. Ta leƙa baya ta ga ya juya jakin sun nufi hanyar Maradun, shi a gaba, jakin na biye ba kaya. Suka wuce mararrabar Bakura, makullin yana damƙe a hannunta. A bayansu kwaɗon yana ta bugun ƙyauren duk inda mota ta faɗa rami, kamar wani na neman a buɗe masa.