Gyambon Pinu a Tudun Karmele

Duk faɗin kwarin babu inda ciwon ya yi ɓarna kamar tudun Karmele. Itatuwan pinu da mahaifinta ya dasa mata sai ga su da gyambo a jiki, ƙaro na tsiyaya, kawunansu sun yi ja kamar an babbake su. Ma'aikatan daji suka zo suka sare, suka ƙone rassan a wurin. Aka bar ta da kututture da toka, ga shekaru sun doshi saba'in, miji ya rasu, 'ya'ya duk suna can birnin Bilbo.

Maƙwabta ba su ɓata lokaci ba. Yawancinsu suka koma dasa itacen turare, wanda masu yin takarda ke saye. Koldo, ƙanen marigayi mijinta, shi ne kullum a bakin ƙofarta da wa'azi.

"Matar yaya, ki rage taurin kai. Pinu ya gama yayinsa."

"Kai ma ka gama naka, ai ba mu tumɓuke ka ba," in ji ta.

Ana nan, ran nan ana yayyafi, wata mace ta hau tudun da takalmin roba. Sunanta Itziar, mai bincike ce daga cibiyar nazarin itatuwa. Ta gama zagaye gidajen kwarin, kowa ya sallame ta daga tsaye. Karmele ta shigar da ita, ta ajiye mata wake da burodi da cukun tumaki, ta ce ta ci tukuna.

Da ta ci, ta yi bayani. Wata funfuna ce ke shiga itacen ta duk inda ya ji rauni, iska na ɗauke da ita, ƙwari da gatari da takalmi ma haka. Magani babu. Abin da suke da shi dashe ne daga iyaye daban-daban, suna neman fili inda ciwon ya fi ƙarfi su dasa.

"Wato ki kawo su su mutu."

"Yawancinsu za su mutu, Inna. Masu ƙin mutuwa muke nema."

"Me ya hana sauran ba ki fili?"

"Za a kafa allo da sunan ciwon. Ba wanda ke son a dinga haɗa shi da sunan gidansu."

Karmele ta leƙa kututturen ta taga. Ta ce, "Kawo su."

Aka kewaye tudun da waya, aka dasa layi-layi, kowane dashe da lambarsa a wuya. A bakin ƙyauren aka ajiye kwano cike da ruwan magani, duk mai fita sai ya wanke takalminsa. Kafin shekara ta zagayo rabin dashen sun bushe. A kanti aka raɗa wa wurin suna Maƙabartar Karmele. Da ta ji, sai ta fara gaisawa da shi: "Daga maƙabarta nake, ba ni burodi biyu."

A bazara ta biyu ciwon ya bayyana a 'yan tsofaffin pinun da Koldo ya rage a bayan coci. Ran Lahadi ana tashi daga sujada, ya tara maza suka nufi tudun da fartanyu. Itziar ba ta nan. Karmele ta hango su, ta riga su zuwa ƙyauren da sandarta, ko gyalen coci ba ta cire ba.

"Kauce, matar yaya," in ji Koldo. "Kin kiwata ciwo kin sako mana."

"Ni na sako maka? Tun kafin yarinyar nan ta taka kwarin nan itatuwanka ke zubar da ƙaro. Da idona na ga ka shafa musu laka don kar ma'aikata su gani. Ƙarya nake, Andoni? Ba kai ka riƙe masa tsani ba?"

Andoni mai maƙera ya sunkuyar da kai. Sauran suka fara kallon juna. Koldo ya ga abin zai kwaɓe masa, ya ture sandar ya faɗa ciki shi kaɗai, ya hau fizge dashe yana jifa. Ba ta bi shi ba. Ta tsaya tana kallo har ya gama layi guda numfashi ya gagare shi. Da ya juyo zai fita, ta gitta sandar.

"Ka tattake ƙasar da ta fi kowace ciwo a kwarin nan. Da takalman nan za ka bi ta gonakin mutane?"

Nan take mazan da suka rako shi suka ja baya. Wasu cikinsu suna da sauran pinu a gangaren hanya.

"Wanke su, Koldo," in ji Andoni.

"Kai ma?"

"Wanke su kawai, mu tafi."

Haka ya tsoma takalman cocinsa cikin kwanon, ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallo.

Washegari Itziar ta zo ta tarar da layin a warwatse, lambobin sun cakuɗe, ba a san wanne ne ɗan wace uwa ba. Ta tsuguna tana tsintar lambobin. Karmele ta ce ta tashi, layi ɗaya ne, sauran suna nan suna jiran ta.

Shekaru suka shuɗe, Koldo bai sake taka gidan ba, ko a coci sai ya kau da kai. Dashen kuwa suka yi ta mutuwa, har ya rage 'yan kaɗan, sun fi mutum tsawo. Su ma sun yi gyambon, amma ya bushe, ɓawo ya rufe shi. Galibinsu 'ya'yan wata bishiya ce guda daga bakin teku.

"To, mun samu?" Karmele ta tambaya.

"Ban isa in ce ba tukuna, Inna. Sai sun yi iri, mun shuka, mun ga ko 'ya'yan za su gado su."

"Zan kai lokacin?"

"Ban sani ba."

Karmele ta gyaɗa kai. Ta nuna filinta na ƙasa, wanda ke manne da titi, inda motar kowa ke wucewa.

"Na gaba a can za ki dasa. Allon kuma ki sa a yi babba, wancan sai an matso ake karantawa."