Babu Gyara

Shekara ashirin da biyu ya yi a maɗaba'a yana aiki guda, wato duba rubutu kafin a buga. Ofishinsa wani lungu ne a bayan ɗakin injuna, mai tebur da fitila da rula ta ƙarfe da gwangwani cike da jajayen birori. Ma'aikata suna kiransa Jan Biro a bayan idonsa. Ya sani, kuma bai taɓa ganin abin gyara a sunan ba.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Inda aka yi kuskure a sa ja, inda aka yi daidai a wuce. Layi mai kyau ba a taɓa shi, ba a ce masa sannu. Da wannan ƙa'ida ya ci abinci, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, har aka zo kan Auta.

Auta shekararta tara. In aka ba ta labari sau ɗaya, za ta maimaita shi har da tarin da mai labarin ya yi a tsakiya. Amma da an ajiye mata littafi sai haruffa su yi ta musanya wuri, layin sama ya faɗo cikin na ƙasa, ita kuma ta yi ta zufa. Bayan an gama zargin idonta da lalacinta da talabijin, aka kai ta wurin wata malama da ta ƙware a kan irin wannan. Malamar ta ce abin yana da suna, disleksiya. Ya nemi a rubuta masa sunan, ya duba shi sau biyu, bai sami kuskure ba, abin da ya ƙara ɓata masa rai.

"Minti ashirin kullum a gida," in ji malamar. "Kuma duk abin da ta yi daidai, komai ƙanƙantarsa, a nuna mata an gani. Ni kuskurenta ba ya ba ni tsoro, Baban Auta. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ta rufe baki ta daina gwadawa. In ta kai nan, daga ni har kai babu mai abin yi."

Matarsa tana aiki a kantin magani, ba ta dawowa sai yamma lis, don haka ya karɓi aikin.

"Karatu sana'ata ce," ya ce.

"Abin da ke damuna ke nan," in ji matar tasa.

Ya tsara komai yadda ya saba. Kowace rana yakan yi kwafin shafin a wurin aiki. Da yamma su zauna a teburin cin abinci, ita da littafi, shi da kwafi da biro. Tana karantawa yana sa ja. In minti ashirin sun cika sai ya ƙirga.

"Goma sha huɗu. Jiya goma sha shida ne."

A ganinsa babu yabon da ya fi wannan, domin yana da hujja. Auta kuwa ba ta jin lissafin. Ƙarar biro a kan takarda take ji, kuma kowane ƙaras sai kafaɗunta sun ƙara shigewa ciki.

"Malama ta ce yabo," matarsa ta tuna masa. "Ba ta ce rahoton ƙarshen shekara ba."

Ya karɓi gyaran, domin shi mutum ne mai bin umarni. Ya ajiye agogo a gefe, ya yanke cewa duk minti biyar zai yi yabo sau ɗaya. Washegari, minti biyar na cika, ya ɗago kai ya ce, "Madalla."

"Baba, ruwa nake sha," in ji Auta.

Abu ɗaya dai ya yi amfani cikin kayan sana'arsa. Yana da wani kwali da ya yanka wa 'yar taga, wanda yake ɗorawa a kan shafi don layi ɗaya kawai ya fito. Da ya ɗora mata shi, layukan suka daina faɗowa kan juna. Ranar wata Laraba, bayan wata biyu ana fama, ta karanta layi guda tun daga farko har ƙarshe, kalma tara, ba ta tsaya ba, ba ta koma baya ba. Ita kanta abin ya ba ta tsoro. Ta ɗago ta dube shi, bakinta a buɗe.

Shi kuwa ya ga layi mai tsabta, ya yi masa abin da ake yi wa layi mai tsabta. Ya zame kwalin ƙasa.

"Na gaba," ya ce.

Ta ci gaba da kallonsa na ɗan lokaci. Sannan ta ƙarasa shafin da ƙyar, ta rufe littafin a hankali, ta tafi ɗaki.

Ranar Alhamis kanta ya yi ciwo. Ranar Juma'a cikinta. Daga nan ta daina wahalar da kanta da neman ciwo. Takan zo ta zauna, ta buɗe littafin, ta rufe baki, har agogo ya cinye minti ashirin ɗinsa. Ya lallaba, ya ɗaga murya, ya yi alkawarin keke, ya janye alkawarin. Ranar Asabar a wurin malama ma ko uffan ba ta ce ba.

"Me ya faru a gida?" malamar ta tambaye shi a bakin ƙofa.

"Ba komai, Malama. Kuskure ma raguwa yake yi."

"Yanzu ai ya ragu gaba ɗaya," ta ce.

Bai ji daɗin maganar ba, musamman da yake ba ta da wurin sa ja. A gida ya sauke fushin a kan matarsa tana yankan albasa.

"Ni fa ban gane ba. Me na yi wa yarinyar nan? Ban dake ta ba, ban zage ta ba."

"Ta ce ta karanta layi guda cif, ba ka ji ba."

"Na ji mana! Kalma tara. Ko ɗigon ja ban sa ba."

"Sai ka ce mata me?"

"Me zan ce? Ai daidai ne. Shi ya sa ban ce komai ba."

Ta ajiye wuƙar ta juyo. "Baban Auta, shekara nawa ina dafa maka abinci?"

"Goma sha tara."

"Ta yaya nake sanin ya yi daɗi?"

Ya yi tunani da gaske. "In ban yi magana ba."

"To ni babba ce, na saba, kuma ina ɗanɗanawa kafin in kawo. Ita da me za ta ɗanɗana?"

Ya fita daga kicin yana ganin an haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa.

Kwana tara bayan Larabar nan, ya kai wa mai tsara shafi a kwamfuta wani aiki da ya yi wa gyara talatin da ɗaya. Ba ya yawan shiga ɗakin, yakan aika ne. Yana tsaye yana jira sai idonsa ya kai bango. Takardu uku ne manne da selotef, sun yi ruwan ƙasa don tsufa, kowace da rubutun hannunsa a ƙasa: Babu gyara. Sai sa hannu da kwanan wata. Wannan shi ne abin da yakan rubuta in shafi ya fito ba kuskure ko ɗaya, don a san an duba.

"Me waɗannan suke yi a bango? Ai fayil ne wurinsu."

"Oga, a bar mini kayana," in ji mai tsara shafin. "Shekara goma sha ɗaya ina nan, sau uku ka rubuta mini. Ranar da ka yi mini wanka da ja irin na yau, su nake kallo, in ba haka ba da tuni ina sayar da katin waya."

"Ba yabo ba ne. Shaidar dubawa ce."

"Na sani, Oga. Da yabo ne ai da ban yarda da shi ba. Kai ba ka iya ba."

Ya lura ta tsakiyar ta karkace. Ya buɗe baki zai faɗa, ya rufe.

Da ya koma lungunsa ya zaro kwafin ranar Laraba, domin ba ya zubar da takarda. Ya ɗora rula, ya yanke layin nan shi kaɗai, ya manna shi a tsakiyar farar takarda. Ya ari baƙin biro ya rubuta kalmomin nan biyu, Babu gyara, ya sa hannu. A kan kwanan wata ya daɗe. Mayar da kwanan wata baya haramun ne a aikinsa. Ya sa na ranar, ya ƙara a ƙasa: An makara da kwana tara. Laifin mai dubawa.

Da yamma ya same ta a ɗaki tana kwance wa 'yar tsana kitso. Ya miƙa mata takardar da hannu biyu, kamar yadda yake miƙa wa manaja.

"Me ka rubuta?" ta ce.

Saura kaɗan ya ce ta karanta da kanta. Ya haɗiye, ya karanta mata, har da layin laifin. Ya bayyana mata cewa mutumin da ke tsara shafi, mai gemu da 'ya'ya huɗu, uku kawai ya samu a shekara goma sha ɗaya.

"Ni kuma a wata biyu?"

"Wata biyu da kwana huɗu."

Ta juya takardar, ta duba bayanta. "Sauran layukan fa?"

"Kuskure goma sha ɗaya."

Daga bakin ƙofa matarsa ta yi wani tari da bai yi kama da na mura ba. Amma Auta ta gyaɗa kai, kamar wadda ta tabbatar ba a cuce ta ba.

"In na sake yi, za ka sake rubutawa?"

"In kin sake."

"In kalma ɗaya ce fa? Mai wuya?"

"Ba a taɓa sa hannu a kan kalma ɗaya ba." Ya ji idon matarsa a ƙeyarsa. "Sai dai ban san dokar da ta hana ba."

"Kuma ban da jan biro."

Nan ya so ya yi gardama, amma kafin ya tsara hujjarsa matarsa ta zare biron daga aljihunsa ta jefa cikin durowar cokula.

Suka zauna a tebur. Ya ɗora kwalin, ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa. Ta fara, murya ƙasa ƙasa. Layin farko kuskure uku, na biyu huɗu. Bai so ya ƙirga ba, amma kansa ya ƙirga, kuma yatsunsa sai motsi suke a ƙarƙashinsa suna neman abin da ba ya nan. A layi na uku ta ci karo da wata doguwar kalma. Ta gwada ta kasa, ta sake ta kasa. Ya cije leɓe. A karo na uku ta karanta ta daidai, ta ɗago kai.

"Na ji," ya ce. "Tsaya nan, kada ki wuce. Maman Auta, ina almakashi? Kalmar nan zan yanko."