Farce a Jikin Raket

Ya ɗora raket ɗin badminton a kan teburin Mai Zare, mai shagon ɗaura wa raket zare, kamar ɗan sanda ya ajiye shaida. Da safen nan ya zaro shi daga jakar 'yarsa Auta, bayan ta tafi makaranta. Ta ce masa kocinsu ne ya ara mata saboda gasar zaɓen 'yan wasa da za a yi gobe. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a, bai saba yarda da abin da aka miƙo masa ba, balle a ce namiji ya ba budurwa aron abu mai ƙyalli haka don Allah. Tun rasuwar uwarta ba shi da abokin shawara sai zuciyarsa, zuciyar kuma ba ta taɓa kawo masa labari mai daɗi ba.

"Karanta min wannan," ya ce, yana nuna ƙananan lambobin da ke wuyan raket ɗin.

Mai Zare ya ajiye almakashi. "Wannan nauyinsa ne, wannan kaurin mariƙi. Talatin ɗin nan kuma iyakar ƙarfin da za a ja masa zare."

"Ba shi na tambaya ba. Wane irin mutum ne ke sayen irinsa?"

"Baba, sa farce a kan doguwar lambar nan."

Ya karta. Lambobi biyu suka biyo farcensa kamar busasshen fenti.

"Na gaske sassaƙa lambar ake yi a jiki, kaushi kawai za ka ji. Wannan jabu ne. A ja shi talatin, kafin a miƙe ya tsage. Babu kocin da zai riƙe shi ko da wasa."

"To saurayi ne kenan. Marowaci."

Mai Zare ya yi dariya. "Kai dai sai an samo maka mutum. Ita ta kawo shi nan shekaranjiya, a ledar kasuwa, da kanta ta saya. Na gaya mata abin da na gaya maka. Ta ce nata ya karye tun watan jiya, sau biyu tana ɗauko zancen a gida ana ce mata wasan korar ƙuda ne. Ta ce in ja shi a hankali, ya kai ta gasar goben nan kawai."

Wasan korar ƙuda. Maganarsa ce, shi uban. Ranar da ya faɗe ta har ya ji daɗin yadda maganar ta zauna.

"Zai kai ta?"

"In ba ta buga da ƙarfi ba. Ita kuwa da ƙarfi take cin wasa."

Ya dubi inda ya karta. Auta idon uwarta gare ta, ko allura aka gusar a ɗaki sai ta gani.

"Za ka iya mayar da lambobin nan?"

"Ni zare nake ɗaurawa, Baba."

Uban ya daɗe yana kallon jerin raket ɗin da ke rataye a bango. Sannan ya nuna ɗaya da haɓa. Mai Zare ya sauko da shi. Tsohon ya gyara tabarau, ya sa farce, ya ji kaushi. Ya sake kartawa, ya dubi mai shagon ta saman gilashi, ya karta ta uku.

"Ɗaura masa zare yadda take so."

"Na jabun fa, in jefa shi a kwando?"

"Ba ni," ya ce, ya saƙale shi a hammata. "Shi zan fara nuna mata."